Tulunan da Gwaggo Tsahara Ta Gyara

Ranar wata Lahadi ce a farkon ɗari, shekarar da nake ajin ƙarshe a lekol, makarantar boko ta firamare, na dawo daga kai awaki bayan gari da hantsi na tarar tsakar gidanmu ta koma kamar gidan mai ginin tukwane. An kafa murhu uku, hayaƙin kara ya cika ko'ina, ga tuluna goma sha biyu da Inna ta sayo an jera su a rana, bakinsu sama. A tsakiyarsu Gwaggo Tsahara, yayar babana, tana zaune bisa turmin da ta kifar, ta ɗaure zani a ƙirji, ta matse tulu ɗaya tsakanin gwiwoyinta tana goga masa tsumma. Tun daga bakin zaure ƙamshin man gyaɗa ya daki hancina. Ban ko ajiye sanda ba ta ce, "Ke Mariya, taho ki riƙe mini wanga. An cuci uwarki, an sayar mata da kwanduna an ce tuluna ne." Na tsaya ina kallonta, abin bai kwanta mini ba, ban kuma san takamaiman dalili ba. Yau shekaru nawa ke nan, amma duk lokacin da na tuna wannan safiyar sai raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi.

Ƙauyenmu yana bakin gulbin Kaba, ba nisa da Kanan-Bakashe. Gulbi ne na suna kawai, don ni dai ban taɓa ganin ruwa ya gudana cikinsa ba, sai goriba da kaba da rairayi. Ƙasarmu kuwa ba ta da godiya ko kaɗan. Ka zuba mata guga guda, kafin ka juya ka ɗauko na biyu ta shanye ta bushe, kamar ba ka ba ta komai ba. A cikin wannan ƙasa ce Inna take da ƴar garkarta kusa da rijiyar gari, an kewaye ta da ƙaya da karan gero, tana dasa tumatir da barkonon tonka da albasa da ɗan shu, wato kabeji. Wannan garka ita ce miyarmu tun daga ɗari har faɗuwar ruwa, abin da ya yi saura kuma a yanka a shanya a yi kauɗa. Shekarar da garka ta ƙi, sai mu ci tuwo da miyar kuka tsura har mu manta launin tumatir.

Matsalar ita ce rijiyar. Igiyarta ta fi gaba ashirin, kuma lokacin jan ruwa ɗaya ne tak: daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Da rana ta ɗaga, makiyaya daga wajen Isawan sun iso da shanu da raƙuma, su kewaye bakin rijiyar har la'asar, abin da za su bari kuma laka ce. Lekol ɗinmu tana ƙauyen gaba, tafiyar kusan awa guda a cikin rairayi, kuma Mushe, malaminmu, yana buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ya rataya a bishiyar bedi daidai lokacin da mata suke tsakiyar ja. Shekarun baya Inna ce ke ja, ni in ɗan taya ta in ruga. A wannan shekarar ciki ya tsufa gare ta, ko sunkuyawa da ƙyar take yi. Ƙannena maza biyu ƙanana ne. Baba kuma yana bin kasuwanni da igiya da tabarmin kaba, kuma ko da yana gida, a ganinsa garka aikin mata ce. Ya yanke magana tun da aka gama ɗaure gero: "In garka ta sha ruwa, ki tahi lekol. In ba ta sha ba, lekol ta jira." Shi ma Mushe ya yanke tasa a gaban aji: shekarar jarrabawar sartifika ce, duk wanda ya yi sati guda bai zo ba, ba zai sa sunansa cikin masu zama ba. Ina son lekol ƙwarai. Ba zan yi ƙarya in ce son ilimi ne kaɗai ba, rabinsa ƙin rijiya ne.

Inna mace ce mai shiru, amma idonta ba ya barci. Ta daɗe da lura cewa gindin randarmu kullum da danshi, kuma kowace shekara sai ƙwayar tumatir ta tsiro a wurin daga ruwan wanke-wanke, ta girma ta yi ƴaƴa ba wanda ya taɓa ba ta ruwa. Sai ta tafi wurin wata mai ginin tukwane a Kanan-Bakashe, ta ce ta gina mata tuluna masu ƙaramin baki, ta cika wa yumɓun ƙaiƙayi, kada kuma ta gasa su sosai, don su riƙa gumi. Waken da ta noma a gamanarta, ƴar gonar da Baba ya yanka mata, shi ta ba matar gaba ɗaya. Dabarar ita ce a binne kowane tulu har wuya, a dasa shuka huɗu a kewayensa, a cika shi da ruwa, a rufe bakin da sakaina, a lulluɓe ƙasar da ƙaiƙayi da kara. Ruwan zai riƙa fita kaɗan-kaɗan ta jikin tulun zuwa saiwa, can ƙasa inda rana ba ta kai ba, sai a yi kwana uku ko huɗu ba a koma rijiya ba. Duk wannan daga baya na gane shi sosai. A lokacin dai abin da na ji ke nan: kwana biyu da kawo tulunan aka aiko daga Tasawa cewa kakata ta wajen uwa ba lafiya, Inna tana ɗaure kaya tana ce mini, "Ku binne su, ki dasa, ki cika, ki rufe. Tulun zai yi sauran." Ba ta yi wa Gwaggo bayani ba. Kowa a gidanmu ya san yi wa Gwaggo bayani neman magana ne.

Gwaggo Tsahara ta dawo gidanmu ne bayan rasuwar mijinta. Ita ta goyi Baba lokacin da uwarsu ta rasu, don haka mutumin da ke daka mana tsawa mu watse, a gabanta murya ƙasa-ƙasa yake yi. Kuma gaskiya ta iya aiki. Daɓen ɗakinta ya fi na kowa santsi, tukunyarta sai ta shekara ashirin ba ta tsage ba, amare ma ita ake kira ta duba musu kayan ɗaki. Abu ɗaya ne ban taɓa ji daga bakinta ba, shi ne "ban sani ba". Da maraicen ranar da Inna ta tafi ta zuba ruwa a tulu ɗaya don gwaji. Da safe ta tarar ruwan ya ragu da kusan taƙi guda, ƙasan tulun ya jiƙe sharkaf. Shi ke nan, ta ɗaura ɗamarar ceto mu. Ta yi musu abin da kowace mace mai kula take yi wa sabuwar tukunya: ta dafa ƙasari a cikin kowanne har ya yi kauri ya toshe ƙofofin yumɓun, ta zubar, ta gasa su a bakin wuta, sannan ta bi su ciki da waje da man gyaɗa. Man kuma nata ne, wanda ta tara daga ƙuli-ƙulinta tana tattalinsa kamar ido. Wannan shi ya fi ƙona mini rai har yau. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta, amma alheri ne tsantsa.

Na dai yi ƙoƙari, in za a kira shi ƙoƙari. Na ce, "Gwaggo, ai Inna ta ce..." Ta ɗago kai ta ce, "Ta ce mi?" Ba ta jira amsa ba. Ta ce, "Tulun da ke yoyo ba tulu ba ne. Riƙe nan." Na riƙe. Kwana biyu muna wannan aiki, ni ce mai iza wuta, ni ce mai juya su a rana. Baba ya dawo daga kasuwa ya ga tuluna suna ƙyalli, ya ce Allah ya bar mana Yaya. Shi ya haƙa mana ramuka ma, don jin daɗi. Muka binne, na dasa tumatir da tonka daga wurin renon da Inna ta yi, na ba su ruwa sosai a ranar dashe, na cika tuluna, na rufe, na baza ƙaiƙayi.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a ƙuruciyata, kuma ina jin kunyarsu. Rana ta uku na buɗe sakaina, ruwa cike har baki. Rana ta biyar, cike. Na ce lallai Inna gwana ce, Gwaggo kuma ta fi ta. Na riƙa isa lekol kafin a buga ƙarfe, har na samu sharar aji, har na zauna muka yi carafke a gindin bedi da duwatsun da nake ɓoyewa a jakar allona. Da yamma in shiga gaɗa hannuna ba ƙuna, kafaɗata ba ciwo. Na cika ƴan ajinmu da baki cewa mu garkarmu ta daina shan ruwa. Ƴar shekara goma sha uku, wadda ake ce mata ta fi kowa lissafi a aji, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, ruwan da bai ragu ba, me shukar take sha.

A rana ta shida ganyen ya fara langaɓewa da tsakar rana, da safe ya ɗan miƙe. A ta takwas ya daina miƙewa. Baba ya leƙa ta kan shinge ya ce tsutsa ce a ƙasa. Gwaggo ta ce baki ne, mutane sun ga tuluna masu kyau sun yi magana, ta rataya tsohon takalmi a ƙofar garka ta barbaɗa toka a kewaye. Ni kuwa, a nan ne laifina yake. Wani abu ya fara taɓa mini zuciya, na tuna yadda Inna ta ce tulun zai yi sauran, na tuna danshin gindin randa. Amma na san in na yarda da abin da zuciyata ke faɗa, gobe da asuba ina bakin rijiya. Sai na danne shi, na ce ƙila sanyi ne, na ɗauki jakata na tafi lekol.

Inna ta dawo a rana ta goma sha ɗaya, kakata ta samu sauƙi. Ko ruwa ba ta sha ba ta wuce garka, ina biye da ita. Ta daɗe tsaye tana kallon shukar, rabi ta kwanta a ƙasa. Ta durƙusa da ƙyar, ta ture ƙaiƙayi, ta cusa hannunta a gefen tulu har wuyan hannu, ta fito da rairayi busasshe ya zube ta tsakanin yatsunta. Ta ɗaga sakaina ta ga ruwa cike, har fuskarta ta fito a ciki. Ta kankari wuyan tulun da farce ta sunsuna. "Wa ya shafa musu mai?" Na faɗa mata. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta yi wata gajeriyar dariya da ba ta da daɗin ji, sannan ta dube ni. "Gwaggonki ba ta sani ba. Ke fa? Kwana goma kina buɗewa kina rufewa. Ruwan da bai ragu ba, wa ya sha shi?" Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da muka koma gida Gwaggo ta tare ta da albishir, tana ba ta labarin yadda ta gyara kayan da aka cuce ta da su. Na zuba ido in ga an yi ta. Inna ta russuna ta ce, "Sannu da aiki, Yaya. Allah ya saka." Matar ƙane ce, me za ta ce? Sai can bayan an ci abinci ta ƙara da murya mai sanyi, "Sai dai yoyon shi ne aikinsu, Yaya. Don shi na sa aka gina su." Baba ya tuna yana da magana da wani a masallaci. Gwaggo ta karkaɗe zaninta, ta ce, "To ai sai a ce mini rariya aka sayo." Ta shige ɗaki. Iyakar abin da aka samu daga gare ta ke nan.

Mun gwada komai. Mun tono biyu mun goge da toka da rairayi da ruwan zafi, amma man ya riga ya shige cikin yumɓun. Inna ta gwada huda su da ƙusa, ɗaya ya tsage gida biyu, ɗayan ya zubar da ruwansa duka kafin mu bar wurin. Sababbi kuma sai an yi wata guda ana gini da shanya da gashi, ga shi waken ya tafi. Abin da ya rage shi ne a ceci abin da bai mutu ba. Inna ta zauna a ƙasa tana nuna mini, na yi wa kowace shuka gurbi mai zurfi, na ninka ƙaiƙayi, na kafa musu ganyen kaba ta gefen rana. Duk da haka sai an ba su ruwa da hannu kowace safiya, kuma hannun nawa ne. Litinin ban je lekol ba, Talata ban je ba, Laraba ban je ba. Mushe ya aiko wata ƴar ajinmu ta ce in satin ya ƙare bai gan ni ba, ya cire sunana. Inna ta kai maganar gaban Baba, ya ce shi maganarsa ba ta canza ba, gida ba ya zama ba miya don takarda. Ina ja ina kuka, ina kuka ina ja, ina jin kamar ƙarar ƙarfen lekol daga nesa in iska ta juyo. Gwaggo kuwa gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, ita ma ta tsakanin haƙora nake yin ta. Ko a jikinta.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba na isa rijiya da gugana, na tarar da ita tsaye a wurin, ta ɗaure ƙugu da tsohon zani. Na ce mata ina kwana. Na zura guga na jawo ɗaya tana kallona. Kafin in zura na biyu ta fizge igiyar. "Dubi yadda kike ja kamar wadda ta tashi daga ciwo, rabin ruwan yana komawa inda ya hito. Ba ni nan. Tahi lekol ɗinki, kin tsaya mini a gaba." Na tsaya baki buɗe. Ta ce, "Kurma ce ke?" Na ruga gida na suri jakata, ko fura ban sha ba, na yi gudu a rairayin nan har numfashina ya kusa ɗaukewa. Na isa an riga an shiga aji. Mushe ya sa ni durƙuso a bakin ƙofa har aka fita hutun hantsi, kuma ban taɓa jin daɗin horo irin na ranar ba.

Na zaci na kwana ɗaya ne. Ta ja ruwan nan kusan wata uku, har aka tsinke tumatir na ƙarshe, mace da ta haura sittin. Tafin hannunta ya tsattsage, ta riƙa naɗe shi da tsumma. Kuma kada wani ya zaci ta yi laushi. Kullum sai ta dawo tana mita: igiyar Baba ba ta da kyau, garkar Inna ta yi nisa da rijiya, ƴaƴan yanzu ba ƙashi a jikinsu, lekol ba ta koya wa mutum komai tunda ga ni ko guga ban iya ja ba. Sauran tulunan goma kuma ta tono su ta wanke ta jera a rumfarta, ta mai da su na ruwan sha. Duk baƙon da ya shigo sai ta kai shi ya gani, ta buga jikin ɗaya da yatsa ta ce, "Ɗigo ɗaya ba ya hita." Inna tana jego a ɗaki tana ji, sai ta rufe fuska da zani, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ni dai sai in fita bayan gida in ciji yatsa.

Na zauna jarrabawa, na samu, na wuce kwalej a Mayahi, yau ga ni ina koyarwa a Tasawa. Ranar da sakamako ya fito na shiga ɗakin Gwaggo na durƙusa, na shirya maganata tun daga hanya. Na fara da cewa, "Gwaggo, ruwan nan da kika ja mini..." Ta katse ni. "Na ja miki? Miyar da zan ci na ja wa. Tashi ki ɗebo mini wuta." Na sake gwadawa lokacin da na fara aiki na kai mata turmin zani, ta juya shi ta ce rinin ba zai yi ƙarko ba.

Yanzu in na je gida, wurin garkar ya zama babban fili na mata da yawa, an haƙa rijiyar burtsatse, hasken rana ke tura ruwa cikin tanki, yara suna jan tiyo daga wannan fangali zuwa wancan. Na yi musu murna, wallahi, babu yarinyar da za ta rasa aji saboda guga. Amma sai ka ga an saki tiyo yana kwarara cikin rairayi da tsakar rana an tafi hira, ƙasar tsirara ba ko ƙaiƙayi, babu mai tunanin binne tulu. In na yi faɗa su dube ni kamar wadda ta zo daga wata duniya, wata ma ta taɓa ce mini, "Madam, ai ruwa ne kawai." Sai in ji ina neman tsohuwar nan da za ta fizge tiyon ta wanke su tas, ko da ita ma ba ta da gaskiya. Ta rasu shekara ta uku da fara aikina. Har ta koma ga Allah ba ta ce ta yi kuskure ba, ni kuma ba ta taɓa bari na ce mata na gode ba.